Ɗan Tayin Tunkiya da Ɓerayen Inna Kulu

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Zuwa ga ɗiyata Hauwa'u, wadda ba na iya kiran sunanta gatsau saboda sunan mahaifiyata ne, Inna Kulu.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar uba. Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin lafiya da natsuwa, Ya tsare ki a gida, Ya tsare ki a hanya, Ya tsare ki a inda za ki sauka. Na san za ki yi dariya. Gida ɗaya muke a nan Aliero, katanga ɗaya ce tsakanin zaurena da ɗakinki, amma ga ni da biro. Kin san halina. In na fara magana da baki sai in tsaya gyara abin da na faɗa, in koma baya, har mai saurare ya manta inda muka nufa. A takarda kuwa ina iya gogewa.

Jiya da la'asar, kuna ƙulla kuka da daddawa na tafiya, kika ce wa mahaifiyarki kina tunanin rubuta wa mutanen makarantar can ta ƙasar Turawa su ba wani gurbinki. Kika ce karatun bai ba ki tsoro ba, sanyin ƙasar ma bai ba ki tsoro ba. Abin da ya tsaya miki a rai shi ne, da hannunki za ki buɗe cikin macen ɓera mai juna biyu ki fitar da 'ya'yanta. Kika ce kada ta gaya mini. Ta gaya mini. Kada ki ga laifinta. Tuwo ne ya kama a tukunya tana tsaye a kansa, ni kuwa ban taɓa ganin haka ba, na matsa mata da tambaya.

Bari in fara faɗin yadda na fahimci aikin, in na yi kuskure ki gyara mini. Ni bana na karɓi digirina bayan furfura ta cika gemu, kuma har yanzu in na faɗi abu sai na koma na duba littafi. Cikin ɓera kamar mako uku yake yi. Tun kafin ya kai rabi, jijiyoyin jini suke fara fitowa a jikin tantanin da ya kewaye ɗan tayi. Da farko ba su da babba ba su da ƙarami, kamar raga suke. Sai zuciya ta fara bugawa, jini ya fara gudu, inda ya fi bi ya buɗe ya zama babbar hanya, inda ya daina bi ya shafe. Da na karanta wannan sai na tuna ban ruwa a fadama, yadda hanyar da ruwa ya fi so take faɗaɗa da kanta, wadda ya ƙi kuma ƙasa ta cike ta. Ku kuma aikinku shi ne ku fitar da ɗan tayin da ransa, ku ajiye shi cikin ɗumi, ku haska shi da haske siriri a ƙarƙashin na'urar maikiroskof, ku yi ta ɗaukar hoto har a ga yadda ragar take zama reshe da reshe. Haka ne ko?

In haka ne, to akwai abin da ban taɓa ba ki labarinsa ba. Na taɓa bin wannan abu, da kayan aikin da ba su kai ba, da kai mai gaggawa.

Shekarun farko da aka ba mu jiha, ina sabon malamin dabbobi, aka sa ni duba nama a mayankar Jega. Aikina ya haɗa da laluben cikin tumaki da awaki kafin a yanka, don kada a yanka mai ciki. Baffanki Ladan, yayana, shi ya gaji wuƙar mahaifinmu, kuma ba ya barin rana ta wuce bai tsokane ni ba. Wata ranar kasuwa da hantsi ya ƙwala mini kira.

"Ummaru! Malamin duba! Taho ka ga dubanka."

Na je. Ya buɗe mahaifar wata tunkiya da na riga na laluba na wuce da ita a kan ba ta da ciki. Ya ce, "Ka gani? Ashe ba ita ɗai ta ba."

Na ce, "Yaya, cikin nan da ƙyar ya kai wata ɗaya. Babu hannun da zai ji shi ta waje."

Ya ce, "To rubuta hakanan ga takardarka. Ita dai ta tahi."

Gaskiya na faɗa masa, kuma har yau ina kan bakana, domin na sake dubawa a makaranta. Amma ba gardamar ce ta riƙe ni ba. A tafin hannunsa akwai wani abu bai wuce ƙwayar wake ba, cikin jaka mai ruwa garai-garai. Na ɗaga shi sama ta wajen rana. Inna Kulu, jan zare ne ko'ina a jikin tantanin, sirara, sun fi saiwar dashen albasa laushi. A tsakiya kuma wani ɗigo ja yana motsi. Uwar ta riga ta mutu, zuciyar ɗan ba ta sani ba tukuna.

Na ce a raina sai na kai shi ofis na gani da kyau. Nan na yi kuskurena na farko. Ni ɗan mahauta ne. Tun ina yaro abin da na sani shi ne zafi ke ɓata nama, sanyi ke tsare shi. Na ruga wurin randa, na ɗebo ruwan da ya fi sanyi a kwanon sha, na saka shi ciki. Ban kai bakin ƙofar mayanka ba ɗigon ya tsaya. Ban ma yi tunanin ruwan randa ba irin ruwan jikinsa ba ne. Na kula da shi kamar tsoka, shi kuwa mai rai ne.

Baffanki ya leƙo kwanon ya ce, "Ka yi mishi wanka ke nan? Saura likkafani."

Abin da nake so ki ɗauka a nan: za ki isa can da ilimin gida cike da kanki, kuma mafi yawansa mai kyau ne. Amma akwai wanda zai zo hannunki da sauri tun kafin ki yi tunani, shi ne abin tsoro. In kika ji hannunki ya san abin da zai yi alhali ba a koya miki ba, ki dakata ki yi tambaya. Ba abin kunya ba ne. Ki duba ma'aunin zafi da idonki kafin ki ɗauko komai, kada ki yarda da cewa wani ya riga ya duba. Ruwan da za ki saka ɗan tayi ya riga ya yi ɗumi kafin ki taɓa uwar, ba bayan kin taɓa ta ba. Na san za su gaya miki wannan, na san kuma kin sani. Ki bar ni in faɗa.

Bayan wani lokaci aka mai da ni Maiyama. A ofishin can na tarar da tsohuwar na'urar maikiroskof cikin akwatin katako, irin wadda ba ta da ƙwan lantarki, sai ɗan madubi a ƙasa da ake juyawa ya kamo haske daga taga. Na goge ta, na gyara. Na karanta abin da na samu, na gane ruwan gishiri ake buƙata, mai ɗumin jikin dabba. Na roƙi mahautan garin in sun gamu da irin wannan su aiko a kira ni. Na kuma ɗauki fulas ɗin shayin mahaifiyarki, na cikin kayan aurenta, ban gaya mata dalili ba. Da ta gano abin da nake zubawa a ciki, ta ce in riƙe, ta yafe mini shi duniya da lahira. Har yau in kika ga ta ƙi shan shayin fulas a gidan mutane, kin san mafari.

Ranar da aka kira ni, komai ya tafi daidai. Na iso ofis zuciyar tana bugawa. Na zuba shi a ɗan faranti na gilashi, na shimfiɗa gefen tantanin, na sa ido. Da farko duhu-duhu. Na juya madubin kaɗan, sai ga su. Ƙwayoyin jini, ɗaya bayan ɗaya, suna tafiya cikin hanya, su ɗan tsaya, su ci gaba, su ɗan tsaya, daidai da bugun zuciyar. A wata mararraba na ga suna rabuwa, mafi yawa suna bin dama, 'yan kaɗan suna bin hagu. Ban san lokacin da na fara salati ba.

Da na tsaya nan, da na daɗe ina kallo. Amma na ce bai isa ba, ina so in gani sarai. Na ja teburin zuwa inda rana take faɗowa, na juya madubin ya kamo ta gaba ɗaya. Haske ya cika idona har na ja da baya. Da na sake dubawa, ruwan ya fara ƙafewa a gefe, ƙwayoyin sun cunkushe wuri ɗaya, ba mai motsi. Na yini ranar da wani baƙin tabo yana yawo a idona na dama, kuma Allah ne Ya kiyaye ban rasa idon ba.

Na karanta cewa naku hasken ma haka yake, ko da yake ba rana ba ce. Duk hoton da aka ɗauka, ɗan tayin ne yake biya da lafiyarsa. In aka tsananta, hoton zai yi kyau, amma abin da ke cikinsa ya fara lalacewa, sai mutum ya rubuta labarin ciwon da shi ya jawo yana zaton girma yake kallo. Saboda haka ki yarda da hoto mai ɗan duhu in dai abin yana raye. Ki koyi kashe fitila ki jira. Na san daga wurin wa kika gaji son ganin ƙarshen komai, shi ya sa nake nanatawa. Kuma in kin aiko mana da hoto, ki rubuta a ƙasa cewa koren nan da jijiyoyin suke yi alama ce da aka sa don a gan su, ba launin jinin ba ne. In ba haka ba Baffanki zai zagaye kasuwar Jega yana cewa ɓerayen Turawa koren jini gare su.

Yanzu ga wanda ya fi kusa da abin da ke damunki.

Bayan abin da na gani a Maiyama, sai na zama ina jiran kira. In mako ya wuce ba a aiko ba, sai in ji ba daɗi. Ban taɓa wuce mai ciki da gangan ba, wannan na tabbata. Amma wata ranar kasuwa na je Jega da fulas ɗina a jaka, na tsaya wajen Baffanki, na tambaye shi ko an samu wani abu yau. Ya ajiye wuƙa, ya dube ni sama da ƙasa.

Ya ce, "Ummaru, gwamnati ta ɗauke ka ka hana a yanka masu ciki. Yanzu kai ne mai addu'ar a samu?"

Na ce ba haka ba ne.

Ya ce, "To mi ne ne cikin jakar? Shayi ka kawo muna?"

Mahauta suka fashe da dariya. Ni ban yi ba. Na koma Maiyama na mai da na'urar cikin akwatinta, ban sake buɗe ta don wannan ba. Shekaru masu yawa ina ganin na yi daidai. Sai da na koma makaranta da tsufana, na zauna aji ɗaya da sa'o'inki, na gane kuskuren ba a farawa yake ba, a yadda na bari yake. Baffanki ya nuna mini wuri ɗaya da zuciyata ta karkace. Gyara ya kamata in yi. Ni kuwa na watsar da duka, da karkataccen da miƙaƙƙen, saboda na ji kunya. Tumaki ba su daina ɓari ba don na rufe akwati. Matan da ke rasa ciki tun yana ƙarami ba su samu amsa ba don na wanke hannuna. Ba ina ce miki aikinki zai warkar da wani ba, ban sani ba, kuma ke ma kada ki yi wa kowa wannan alkawari. Abin da na sani kawai, ba a gane inda gini ya karkace sai an san yadda yake tashi in yana daidai.

Nauyin da kike ji a ƙirji, ni a ganina ba alamar ba ki dace da aikin ba ce. Wanda ba ya jin komai shi nake tsoro a kan ɓerayen nan. Na karanta cewa wuraren da ake irin wannan aiki suna da ƙa'idoji: ba a ɗaukar dabba fiye da buƙata, ba a barin ta ta wahala, sai an koya wa mutum an gwada hannunsa kafin a bar shi shi kaɗai. Ki bi su ko ba mai kallonki. Ki shirya komai kafin ki fara, don kada ran da aka ɗauka ya tafi a banza saboda kin manta wani abu a wani ɗaki. Ki yi bisimilla a zuciyarki. Ranar da kika ji kina murna da yawan waɗanda kika buɗe, ki ajiye kayan aiki ki fita ki sha iska, sannan ki dawo. Ki dawo fa, kada ki yi irin tawa. In kuma akwai abin da ya shige miki duhu ta wajen addini, ki tambayi malamin da ya fahimci aikin, ki bayyana masa shi yadda yake, ba ragi ba ƙari. Ni ba malami ba ne, ba zan yanke miki hukunci ba.

Da na gaya wa Baffanki irin karatun da za ki, sai da ya riƙe ciki don dariya. Ya ce, "Jikar sarkin wuƙa, ta ƙare ga kusu? Mu nan tarko muka sa musu, ita jirgi za ta hau ta same su." Sannan ya ce, "Amma ta taɓa tsayawa wurin yanka kuwa?"

Amsar a wuyana take. Ba ki taɓa ba. Duk ranar Layya, da an fito da rago sai in ce a shiga da Inna Kulu ɗaki. Kina kuka kina so ki gani, ina cewa zai ba ki tsoro. Ƙannenki maza suna riƙe ƙafa, ke kina bayan labule. Da kika girma kika daina tambaya, sai dai ki fito in an gama fiɗa. Na ɗauka tausayi nake yi miki. Abin da hakan ya haifar shi ne kin san nama, kin san jini a littafi, amma ba ki taɓa ganin yadda gidanmu yake ɗaukar rai ba. Kin zaci fizge ne da ƙarfi. Ba haka kakanki ya koya mana ba. A wurinsa ba a wasa wuƙa a gaban dabba. Ba a yanka ɗaya wata tana kallo. Ba a jan ta da ƙafa, ba a yi mata tsawa. Kuma kafin komai sai an ba ta ruwa ta sha ta ƙoshi, mai ba ta ruwan yana shafa wuyanta har ta daina rawar jiki. In ba ta natsu ba, jira ake yi, ko da masu saye sun cika ƙofa. Mahaifina ya taɓa korar babban almajirinsa daga aiki na yini guda saboda ya tsallake ruwan.

Saboda haka ga roƙona, kuma roƙo ne, ba umurni ba. Ragon da na saya a Jiga Birni don walimar sallamarki, gobe da hantsi za a yanka shi a bayan gida. Na ce wa Baffanki ya zo, amma ba shi zai yanka ba, ni zan yi. Ya ce zai kawo wuƙa biyu, ɗaya ta rago, ɗaya ta yanke mini digiri in na ba shi kunya. Na daɗe ban riƙe wuƙa ba, za ki gani. Ke kuma ina so ki riƙe ƙwaryar ruwan. Ki ba shi ya sha, ki dafa wuyansa har ki ji ya saki jiki. Bayan nan in kina so ki koma ciki, ki koma, ba wanda zai ce uffan. In kin iya tsayawa, ki tsaya kusa da ni har a gama.

Kada ki rubuta wa mutanen can komai kafin lokacin. Abin da nake nema ke nan kawai. In an gama, kika wanke hannu, kika ce mini, "Baba, ba zan iya ba," wallahi ni da kaina zan zauna mu tsara takardar da za ki aika musu, kuma bakin Baffanki ni zan tare miki shi. Ɗakinki yana nan, darajarki a wurina ba ta rataye a jirgi ba. In kuma kika ce za ki, to ki tafi da sanin cewa ba baƙon abu za ki yi ba, aikin gidanku ne da kayan aiki mafi laushi. Abin da ba na so shi ne ki yanke shawara daga bayan labulen da ni na sa ki.

Sauran ƙananan abubuwa, na safa da rigar sanyi da cin abinci a kan lokaci, mahaifiyarki ta ce in bar mata, wai in na fara ba zan gama ba kafin mota ta tashi.

Allah Ya yi miki albarka, Inna Kulu. Ya ba ki hannu mai sauƙi da ido mai gaskiya. Ya zaɓa miki abin da ya fi alheri, ko a nan ko a can, Ya sa ki gamsu da shi. In tafiya ce, Ya kai ki lafiya, Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya dawo mana da ke muna raye. Ƙwaryar tana rataye a bakin rumbu, na wanke ta.

Wassalam.

Mahaifinki,
Umaru